Iccen da iska ta kada: yadda ake fidda katako a gida ba tare da asara ba

Duk shekara idan damana ta kama, iskar da ke zuwa gaban hadari tana kada manyan itatuwa a garuruwanmu. A Maraɗi, Damagaram, Tawa, Tasawa, Madawa ko Ƙonni, abin da ake gani washegari iri ɗaya ne: a kira ƴan faskare, gatari ya hau aiki, kafin la'asar iccen da ya shekara talatin ko arba'in yana tsaye ya koma makamashin murhu. Sau da yawa mai gidan da aka faskare ma iccen, shi ne kuma zai je kasuwa cikin watan nan ya sayi katakon ƙofa da tsada, katakon da aka ɗauko daga Najeriya, Benin, Gana ko Kodivuwa, tunda ƙasarmu ba ta da dajin katako irin na ƙasashen bakin teku.

To, gungumen nan yana iya zama ƙofa, benci, gado ko teburin ƴan makaranta. Sai dai tsagawar kanta aikin yini guda ne ko biyu. Inda ake samun riba ko a tafka asara shi ne abin da aka yi ma gungumen kafin zarto ya taɓa shi, da yadda aka shanya katakon bayan an tsaga. A ƙasa mai hunturu da bazara irin tamu, katako yana lalacewa ne saboda ya bushe da sauri fiye da kima.

Na wa ne iccen?

Wannan ita ce tambayar farko. Faɗuwar icce ba ta mayar da shi na kowa. Wanda ke cikin gida na mai gida ne, idan kuma gidan gado ne da ba a raba ba, magada duka suna da haƙƙi a ciki, gara a zauna da su tun ba a kira mai inji ba. Na bakin titi da na kasuwa yana hannun ma'aikatar magajin gari. Na cikin makaranta, kwamitin makaranta ne zai yi magana. Na gonar aro ko ta jingina kuwa ya sha haɗa mutane faɗa, shi ya sa ya kamata mai gona da mai noma su je gaban mai gari ko kwamitin kula da filaye na ƙauye, wato COFOB, a yi magana a gaban shaidu.

Bayan mai icce, sai hukuma. Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004 ta bar ma jama'a damar tsintar busasshen icce don amfanin gida, amma cin moriyar icce don sayarwa yana buƙatar izini da biyan kuɗin da aka tsara. Akwai kuma itatuwan da doka ta ba kariya ta musamman, irin su gawo, maɗaci, giginya, goruba, tsamiya, ƙirya, ɗorawa da kuka, waɗanda ba a sare su sai da izini. Shigar da icce manyan birane ma yana da tasa doka tun 1992, da takardar da ake nunawa a shingen hanya. A shekarar 2020 gwamnati ta fitar da dokar sassaben zamani, wadda ta tabbatar ma manomi haƙƙi a kan itatuwan da ya raya cikin gonarshi. Duk da haka, ko a gonarka ne, sanar da ma'aikatar ya fi.

Dalili kuwa a fili yake. Ma'aikacin gandun daji da ya tare amalanke ɗauke da katakon maɗaci ba ya da hanyar gane ko iska ce ta kada iccen ko mutum ne ya sare shi. Kuma kowa ya san akwai masu zagaye ɓawon icce da gatari, ko su hura wuta a gindinshi, idan ya mutu su ce ai busasshe ne. Saboda irinsu ne ake tsanantawa. Don haka kafin a datse ko reshe guda, a ɗauki hoton iccen da salula yadda ya faɗi, saiwoyi a waje, a je ofishin gandun daji na karamar hukuma a kira su su gani da idonsu, a karɓi takarda. Wanda ya tsallake wannan yana iya rasa katakon, ya kuma biya tara.

Wane icce ne ya cancanci wahala?

Ba kowane gungume ke biyan kuɗin esansi ba. Maɗaci shi ne kan gaba: jan katako ne mai nauyi, yana ɗaukar guga da kyau, dangin katakon da Turawa ke ce ma mahogani ne. Bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, dangin maɗaci ne, asalinshi daga Indiya. Shi ne iccen da ya fi yawa a titunanmu, shi ne kuma aka jera a layukan kare iska na kwarin Majiya a yankin Buza tun 1975. Mutane sun raina shi saboda yawanshi, alhali cikin tsohon bedi ja ne, mai ƙarfi, ƙwari ba su cika son shi ba. Ƙirya tana da tauri ƙwarai, gara ba ta iya mata, shi ya sa masassaƙa ke yin turmi da ita, amma tana cinye kaifin sarƙa nan da nan. Marke da tsamiya su ma masu tauri ne, sai dai tsohuwar tsamiya sau da yawa kogo ne a cikinta.

Turare yana miƙewa sambal, yana ba mutum sha'awa, amma yana da saurin tsagewa da murɗewa, ya fi dacewa da ginshiƙi ko katakon rufi mai kauri. Gawo, duk da girmanshi, katakonshi ba ya da nauyi, ƙwari suna shiga shi da wuri. Kuka kuwa cikinta kamar soso yake, ba a samun katako. Giginya ba a yi mata aikin alluna, tsaga ta ake yi azara kamar yadda mutanen yankin Gaya suka saba. Tunda an ambaci azara: idan ruwa ya rusa tsohon gidan ƙasa, kar a ƙone azarar da ta fito daga ciki da tsofaffin ƙyamare. Wadda ba ta ruɓe ba ta riga ta bushe shekara da shekaru, tana iya komawa sabon gini.

Idan an san irin iccen, sai a dubi gungumen kanshi. A ƙwanƙwasa shi da bayan gatari: mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, mai kogo yana ƙara kamar ganga. A nemi ɓangaren da ya miƙe, tun daga gindi zuwa inda rassa suka fara rabuwa. Idan kaurinshi bai kai santimeta 30 ba, ko miƙaƙƙen wurin bai kai mita ɗaya da rabi ba, da wuya ya biya wahala. Rassa kuwa, komai girmansu, a bar ma murhu da masassaƙa. Reshe ya yi rayuwarshi a karkace yana riƙe da nauyin kanshi, da zarar an tsaga shi sai allon ya lanƙwashe tun bai sauka daga kan gungume ba.

Ga ɗan lissafi da kowa zai iya yi. A auna faɗin bakin gungumen ta ƙaramin gefe, ban da ɓawo, a ɗauki kashi bakwai cikin goma. Wannan shi ne faɗin katako mai kusurwa huɗu da za a samu idan an zubar da gefuna. Gungume mai faɗin baki santimeta 50 zai ba da santimeta 35 ke nan. Idan tsawonshi mita 2 ne, aka tsaga alluna masu kaurin santimeta 3 da injin sarƙa, za a samu kamar tara. A cire na tsakiya da zai tsage, saura takwas, wato ƙofa biyu da benci. Sai mutum ya je wurin masu sayar da katako na garinsu, ko kasuwar Katako idan a Yamai yake, ya tambayi kuɗin jan katako mai wannan awo, ya kwatanta da abin da ƴan faskare za su ba shi. Daga nan zai san ko ya kira mai inji.

Kwanakin farko

Iccen da ya faɗi yana da haɗari fiye da wanda ke tsaye. Idan ya faɗa kan wayar lantarki, kar kowa ya taɓa shi sai ma'aikatan Nigelec sun yanke wuta. Rassan da nauyi ya danne suna nan a ɗame kamar baka, ana yanke su suna iya zabura su doki mutum. Gindin da ya tuge da saiwoyi da ƙasa shi ma yana iya komawa cikin raminshi da ƙarfi lokacin da aka raba shi da gungume, don haka a kori yara daga ramin. A fara da ƙananan rassa daga sama, a bi a hankali zuwa gindi.

Da an datse gungumen, abu na gaba shi ne rufe bakinshi, ranar nan ko washegari. Jijiyoyin icce kamar damin karan dawa suke, duk sun miƙe daga gindi zuwa sama. Ruwa yana fita ta bakin da aka yanke sau goma ko fiye da yadda yake fita ta gefe. Bakin sai ya bushe ya tsuke, cikin kuwa yana nan jiƙe, sai tsaga ta buɗe ta yi ta shiga ciki. A ranar bazara, kwana biyu ko uku sun isa a ga bakin gungume ya yi tsaga kamar tauraro. Maganin ba ya da tsada: ragowar fentin mai a shafa sau biyu ko uku, ko kakin zuma da aka narka, ko narkakken kyandir. A kuma datse gungumen da rarar santimeta 10 zuwa 15 a kan tsawon da ake so, don a samu abin yankewa daga baya.

Sai a ɗaga shi daga ƙasa a kan duwatsu ko bulon siminti, a cikin inuwa, ko a rufa mashi zana. Gungumen da ke kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin damana, gara da ruɓa suna same shi cikin ƴan makonni. A tuna fa ɗanyen icce yana da nauyi: wancan gungumen mai santimeta 50 da mita 2 yana kai kilo 350 zuwa 400. Mirgina shi ake yi da sanduna a kan ƴan gungumai, ba a ɗaga shi da ƙarfin baya.

Akwai abokan gaban sarƙa guda biyu. Na farko ƙusa. Iccen gari ya sha ƙusar mai shayi, wayar shanya, allon talla da sarƙar ɗaure dabba, kuma da shekaru suka wuce nama ya rufe su. A duba da kyau daga ƙasa zuwa inda hannun mutum ke kaiwa. Baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a bakin gungume alama ce ta ƙarfe a kusa. Na biyu yashi. Ɓawon itatuwanmu cike yake da rairayin da iska ta cusa, shi kuwa yana dakushe haƙoran sarƙa cikin mintoci. A ɓare ɓawon, ko aƙalla a kankare layin da zarto zai bi, a wanke da ruwa.

Hanyoyin tsagawa

Hanya ta farko ita ce ta da: dogon zarto na mutum biyu, gungume a kan gadon itace ko bakin rami, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Tana cin ƙarfi da lokaci, amma ba ta cin esansi, kuma zarton ba ya ɓarnar nama da yawa.

Ta biyu ita ce injin sarƙa. Yawancin masu injin da muke da su da ido suke tsagawa: a tsoma igiya cikin garin gawayi, a ɗame ta a kan gungume, a ɗaga a saki ta bar layi, mai inji ya bi. Gwani yana fidda abin kirki, amma fuskar allon takan fito da tudu da kwari, sai kafinta ya goge da yawa kafin ta daidaita. Akwai gyara mai sauƙi da mai walda zai iya ƙerawa: wani firam na ƙarfe da ake ɗaure ma harshen injin, mai sandar da ke zamewa a kan gungume, ana ɗaga ta ko a sauke ta gwargwadon kaurin da ake so. A yankan farko ana kafa tsani ko miƙaƙƙen katako a bayan gungumen don firam ya bi. Daga nan fuskar da aka yanke ita ce jagorar yanka na gaba. Ana tafiya ana cusa ƴan tsinin icce cikin tsagar a baya, don kar allon ya danne sarƙa.

Tsaga icce a tsawonshi ya fi datse shi wahalar da inji nesa ba kusa ba. Ƙaramin inji zai yi zafi ya mutu, aikin na babba ne. Haƙoran sarƙar datsa ana wasa su a karkace, wajen digiri 25 zuwa 30, na tsaga kuwa wajen digiri 10, shi ke sa fuskar allo ta fito sumul. A riƙa wasawa da magagari akai-akai. Idan inji ya daina fidda ɓarɓashi ya koma fidda gari mai laushi kamar na tuwo, sarƙa ta dakushe. Haɗin esansi da mai a bi abin da kamfanin injin ya rubuta. A manyan injuna da yawa kashi 2 cikin 100 ne, wato mililita 100 na mai a lita 5 ta esansi, wasu kuma suna son fiye da haka. Baƙin man da aka juye daga mota bai dace da sarƙa ba, yana ɓata famfon mai, yana kuma ɓata katako.

Ta uku ita ce a ɗauki gungumen a kai shagon da ke da injin zarto mai siririn bel, a manyan garuruwa. Bambancin yana ga abin da ke tafiya a gari. Sarƙa tana cin kusan santimeta ɗaya a kowane yanka, wato yanka uku allo guda ya tafi. Siririn bel milimita 2 zuwa 3 kawai yake ci. Idan gungumen ya fi ƙarfin amalanke, ana iya haɗa hanyoyin biyu: a raba shi gida biyu ko huɗu da injin sarƙa a inda ya faɗi, a kai shago a ƙarasa.

Ko wace hanya aka bi, akwai ƙa'idoji uku. A tsaga da rara: mai son allon santimeta 2 da rabi ya tsaga 3, don bushewa da guga za su ci nasu. A fitar da cibiyar icce, wato ɗan ɗigon da ke tsakiyar zoben shekaru, domin duk allon da ta faɗo a cikinshi sai ya tsage. A raba wannan allon biyu a zubar da tsakiyar, gefunan biyu kuwa su ne katako mafi zama lafiya a gungumen duka. Sannan a san cewa farin naman da ke bayan ɓawo shi ƙwari ke fara ci, jan cikin shi ne katako. A kayan da ake so su daɗe, a yanke farin a zubar.

Kafin a tada inji, a gama magana da mai shi: kuɗin yini ne, ko kuɗin kowane allo, ko rabon katako? Wa zai sayi esansi? Idan sarƙa ta ci karo da ƙusa ta karye, wa zai biya? A faɗe shi gaban shaida, ya fi a zo ana cacar baki a kan gungume.

Jiki ba ya da kayan gyara

Injin sarƙa ba ya da tausayi. Babban haɗarinshi shi ne idan saman ƙarshen harshen ya taɓa wani abu, sai injin ya zabura sama ya nufo fuskar mai riƙe da shi, cikin ƙiftawar ido. A riƙe shi da hannu biyu, a tsaya a gefen layin yanka, kar a yi aiki sama da kafaɗa. Babbar riga, rawani mai jela da silifas ba kayan wannan aiki ba ne. A sa takalmi rufaffe, tabarau, da abin toshe kunne, don ƙarar injin tana wuce desibel 100, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ƙurar maɗaci da ta bedi tana sa tari da ƙaiƙayin ido, a rufe hanci. A tare gungumen da duwatsu ta gefe biyu kar ya mirgina. Kar mutum ya yi aikin shi kaɗai, kuma a bar tsakar rana a lokacin zafi, gajiya ce ke kawo yawancin raunuka. Yara masu kallo a tsayar da su nesa.

Shanya: nan ne aikin yake

Ɗanyen allo, sulusin nauyinshi ko fiye ruwa ne. Yayin da ruwan ke fita, allon yana tsukewa a faɗi da kauri, amma kusan ba ya raguwa a tsawo. Allo mai faɗin santimeta 30 yana iya rasa santimeta 1 zuwa 2. Kuma tsukewar ba daidai take ta kowane gefe ba, shi ya sa allon da aka jingina a bango ko aka yar a rana yake komawa kamar kwarya ko ya murɗe. Kafintan da ya yi ƙofa da ɗanyen katako, bayan wata uku mai gida zai riƙa hango tsakar gida ta tsakanin alluna.

Ga yadda ake jera su, kuma a ranar da aka tsaga. A samu wuri mai inuwa da iska ke ratsawa, kamar rumfar zana ko ta kwano. A kafa bulo a ɗaga gadon kamar santimeta 40 daga ƙasa, a tabbata ya daidaita, domin idan gadon ya karkace katakon duka haka zai bushe. A shimfiɗa alluna, a bar ɗan yatsa biyu tsakaninsu. A gitta ƴan sanduna busassu masu kauri ɗaya, wajen santimeta 2, kowane rabin mita, ɗaya kuma dab da kowane baki. A ɗora wani layin alluna, a sake gitta sanduna, kowace sanda daidai saman ƴar'uwarta ta ƙasa. Masu kauri a ƙasa, sirara a sama. A ƙarshe a danne da bulo ko duwatsu masu nauyi, a rufe sama da kwano ko zana. Kar a naɗe shi da leda, zai yi gumi ya yi fumfuna. A sake shafa fenti a bakin kowane allo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji masu iya magana, to haka ma tun yana ɗanye ake miƙar da shi.

A Turai ana cewa kowane santimeta 2 da rabi na kauri yana son shekara guda. Wannan lissafin ƙasar sanyi ne. A nan, daga Fabrairu zuwa Afrilu, damshin iska da rana yakan sauka ƙasa da kashi 15 cikin 100, a watan Agusta kuma ya haura 70. Allo mai santimeta 3 yakan bushe cikin wata biyu zuwa huɗu na rani. Matsalarmu ita ce saurin: bayan allo ya bushe ya ƙame, cikin yana jiƙe, sai fuska ta yi tsaga. Saboda haka wanda ya tsaga katako cikin hunturu ko bazara ya kewaye shi da zana ko buhunan algarara ta gefen da iska ke bugowa, a makonnin farko, daga baya ya buɗe a hankali. Lokaci mafi kyau shi ne ƙarshen damana zuwa kaka: iska tana da sauran laima, katako zai fara bushewa sannu-sannu, kafin hunturu ya iso ya riga ya wuce lokacin haɗari. Wanda ya tsaga a tsakiyar damana kuwa, iska zai ƙara ma katakon, saboda fumfuna da baƙin tabo.

Yaya za a san ya bushe? Ba sai da na'ura ba. A zaɓi allo ɗaya daga tsakiyar jeri, a auna shi a sikelin mai awon hatsi, a rubuta nauyin da kwanan wata a jikinshi. Duk mako biyu a sake aunawa. Ranar da aka auna sau biyu ko uku a jere nauyin bai sauka ba, ya daidaita da iskar wurin. Katako mai kauri na ƙafar gado ko ginshiƙi yana ɗaukar lokaci fiye da haka sosai, a yi mashi haƙuri. Duk mako a leƙa ƙarƙashin jerin, a karya hanyar gara idan ta fara hawa bulo, a share ganye da garin katako. Idan an ga gari mai laushi yana zubowa daga ƴan ƙananan huji, ƙwari sun shiga, a fitar da wannan allon daga cikin sauran.

Ko bayan ya bushe, katako yana numfashi da yanayi. A bazara ruwan cikinshi yana sauka wajen kashi 4 zuwa 5 cikin 100, a damana ya hau wajen 13 zuwa 15. Dalilin da ya sa ƙofa ke cijewa a Agusta ta saki a Maris ke nan. Kafintan da ke haɗa ƙofa a bazara ya bar mata ɗan sarari. A nan katakon gida yana da wani fifiko: wanda aka kawo daga bakin teku ya saba da laima, idan ya iso nan sai ya ƙara tsukewa, shi kuwa wanda ya bushe a rumfarka ya riga ya saba da iskar garinku.

Abin da ya rage

Ba abin da ake zubarwa. Gefunan da aka fara cirewa suna yin benci, shingen dabbobi ko murfin rijiya. Rassa masu kauri a kai ma masassaƙa su yi ƙota, taɓarya da kujerar mata, sauran a kai murhu. Garin katako yana shimfiɗar kaji, daga baya a zuba shi ramin taki ya ruɓe tukuna, don idan aka zuba shi ɗanye a gona yana sa shuka ta yi rawaya.

Sai kututture. Bedi da turare suna tohowa daga gindi idan saiwoyi suna cikin ƙasa. A bar tohon, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a cire sauran, kamar dai yadda manoman jihar Maraɗi ke yi a sassaben zamani tun shekarun 1980, aikin da ya maido da itatuwa a kan kadada wajen miliyan 5 a ƙasar nan. Inda iccen ya tuge gaba ɗaya, a dasa wani a gurbinshi cikin damanar nan, ko a ranar 3 ga Agusta ta bikin dashen itatuwa, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Gungumen da ake tsagawa yau, wani ne ya dasa shi ya yi ta ba shi ruwa shekaru talatin ko arba'in da suka wuce.